Kyamarori Ukun da Deloy Ya Roƙa

Fredonia, Arizona
Watan Afrilu

Zuwa ga 'yata Nedra,

Ni da Innarki Verla muna gaishe ki da kyau, da fatan sanyin tsibirin nan naku na Alaska bai gama cinye miki ƙashi ba. Mu dai lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Gwiwata tana nan da halinta. Kunne kuwa kin san labarinsa, harbin bindiga ya gama da shi. Wayar da kika bugo ranar Ista, bakin Innarki kawai na ga yana motsi tana dariya, ban tsinci komai ba. Sai ki ci gaba da haƙuri da takarda.

Innarki tana ci, tana barci. Mantuwa ce dai ta ɗan sa ta gaba. Makon jiya ta jera faranti uku a tebur, ta ce na ukun na babanta ne, yanzu zai dawo daga ban ruwa. Na ce mata tsoho ya rasu tun kafin mu haifi Deloy. Ta yi dariya ta ce ai ta sani, gwada ni take yi. Tsufa ke nan.

Bayan haka, fari ya matsa mana. A duk dajin gwamnatin da muke kiwo babu ruwa sai a Mashayar Dutse, wadda baban Innarki ya gina, ita ma a a-kori-kura nake kai mata. Da za ki ga wurin yanzu da ba ki gane shi ba. Kowace dirka, kowace bishiya, an ɗaura mata kyamarar mafarauta. Na fara ƙirga su na gaji na bari. Masu su kuma ba sa hutawa, wannan ya zo canza katin hotuna, kafin ƙurarsa ta kwanta wani ya iso. Shanuna su tsaya nesa suna kallon ruwa. Barewa kuwa ba a magana. Na tsinci wata ta mutu da ciki, tsakaninta da ruwa bai fi jifa ba.

Shekaranjiya wani saurayi mai sabuwar mota ya tare ni, wai saniyata tana sosa jiki da kyamararsa, in ja mata kunne. Na ce masa, "Ɗan samari, ga ta can, je ka faɗa mata da kanka. Ta fi ni kunne."

Abin da ke ci mini rai shi ne, mafi yawansu na yayanki Deloy ne. Tun da ya zama jagoran mafarauta, masu kuɗi suna zaune a birni yake aika musu hoton namijin barewa, su duba ƙaho su zaɓa kamar kaya a kanti. Har sunaye suke sa musu. Na ce masa wannan ba farautar da na koya masa ba ce. Ya ce farautar da na koya masa ba ta sa wa yaransa takalma. Muka rabu a haka.

Hukumar namun daji za ta zauna a Phoenix a watan Yuni, ta ji ra'ayin jama'a kan hana kyamarorin. An ce in je in faɗi abin da na gani. Ke kin taso a gidan nan, kin san mu duka biyu. Me kika gani?

Kawunki,
Orrin

*

Tsibirin Unga, Alaska
Watan Mayu

Kawu,

Na gaishe ka, na gaida Inna, Allah ya sassauta gwiwa. Ni ƙalau nake. Mu biyu ne rak a asibitin nan, masunta kuma ba sa gajiya da yanke hannu. Wasiƙarka ta yi kwanaki a hanya, don jirgin da ke kawo mana wasiƙu ba ya sauka sai hazo ya ga dama.

Maganar farantin nan ta tsaya mini a rai. Kawu, jinya ce aikina, na sha ganin irin wannan, ba kowace mantuwa ce tsufa ba. Don Allah ka kai Inna wurin likita a St. George a duba ta.

Batun mashaya kuwa, na karanta har idona ya ciko. Ban manta yadda kake sa mu kwanta a bayan dutse ni da Yaya Deloy ba, ka hana mu ko tari har barewa ta sha ta tafi. A zuciyata ina ganin kana da gaskiya. Amma shi ma yana da iyali, kuma sana'ar nan kaɗai ya sani. In har za ka je, ka yi magana da shi kafin ka yi magana a kansa. Ka zauna da shi a gida, kada ya fara ji a gaban mutane.

Ka sumbatar mini Inna a goshi.

'Yarka,
Nedra

*

Fredonia
Watan Yuli

Nedra 'yata,

Muna lafiya, da fatan ke ma haka. Innarki garau take. Ba na ganin dalilin jan ta zuwa St. George a cikin zafin nan don wani yaro mai farar riga ya tambaye ta yau wace rana. Ni ma in aka tambaye ni sai na duba bango.

Kin ce in yi magana, na kuwa yi. Na bar Innarki wurin maƙwabciyarmu na kama hanyar Phoenix. Zauren ya cika maƙil, rabi da hulunan farauta, rabi da hulunan kiwo, kowa na hararar kowa. Na zauna a sahun gaba don in riƙa kallon bakin masu magana.

Ban san Deloy zai zo ba, shi ma bai san zan zo ba. An riga ni kiransa. Gaskiya ya yi magana mai kyau. Ya ce da kyamara yake gane tsohon namiji ya bar ƙanana su girma. Ya ce akwai tsofaffi da guragu cikin mafarauta da ba za su iya yawon dutse ba, da ita suke samun rabonsu. Ya ce in cunkoso ne damuwar, a ƙayyade yawansu, kada a yanke wa mutane abinci. Aka tafa masa.

Yana juyowa zai zauna aka kira sunana. Na ga fuskarsa, Nedra. Na so in koma kujerata, amma na riga na miƙe.

Na ce musu ni makiyayi ne, kuma maharbi ne tun ina yaro. Na ce dabba tana da ƙafa, tana da hanci, tana da daji, da su take kare kanta daga gare mu, amma ruwa ba ta da yadda za ta yi da shi, dole ta zo. Wanda ya sa ido a kan ruwa dare da rana ya ƙwace mata abu ɗayan da ya rage. Na ba su labarin barewar da ta mutu da ciki. Ɗaya daga cikin 'yan hukumar ya tambaye ni ko na san masu kyamarorin. Na ce mafi yawa na ɗana ne, ga shi can zaune. Ban yi niyyar faɗin haka ba, tambayata aka yi.

Kafin yamma suka kaɗa ƙuri'a. Daga farkon Janairu babu sauran farauta da kyamara.

A wurin ajiye motoci ya same ni. Ya tsaya daf da fuskata don in ga bakinsa sosai, ya ce, "Baba, gidana da naka tafiyar shan shayi ce. Sai da ka zo har Phoenix za ka nuna ni da yatsa?" Na ce gaskiya na faɗa. Ya ce, "To, ka riƙe ta. Ita za ta riƙa kawo maka itace da hunturu."

Tun ranar bai tako gidan ba sai in ya tabbata ba na nan. Matarsa ta daina gaishe ni a coci. Da na dawo na sake karanta wasiƙarki, sai na ga ashe layin yana da sauran da idona ya tsallake. Amma ko da na gani, ban san me zan ce masa a gida wanda ban riga na faɗa ba.

Kawunki,
Orrin

*

Kanab, Utah
Watan Oktoba

Nedra mai allura,

Yaya kike, yaya ƙarnin kifi? Mu nan muna numfashi. Yara sun ce in gaishe ki. Kin san ni da rubutu ba ma shiri, amma duk lokacin da na kira ki layin sai ya yanke a tsakiyar magana, wannan kuwa ba maganar da zan so ta yanke ba ce.

Na san Baba ya ba ki nasa labarin. Ba zan tsaya kare kaina ba. Mutanen da suka yi alkawarin farauta da ni baɗi sun janye. Na samu aiki a wani gandun farauta na wani attajiri a Texas, inda dokar ba ta kai ba, barewa a cikin shinge kamar awaki. Abin da Baba ya tsana ke nan, can kuma ya tura ni. Za mu tashi bayan Kirsimeti.

Ga abin da ya sa na rubuto. Na ciro kati a Mashayar Dutse ina duba hotuna, barewa, barewa, shanun Baba, sai ga Mama. Da rigar zuwa coci da silifas na ɗaki, tana tsaye tana leƙa ruwa, da tsakar rana, ita kaɗai. Kin san nisan wurin daga gida. Na bincika, ashe wani maharbi ne ya tsince ta a hanya ya mayar da ita, ta ce masa babanta ta kai wa abinci. Baba yana can wurin shanu, bai ma san ta fita ba.

Na je in faɗa masa. Ina buɗe baki ya cire na'urar kunnensa ya ajiye a tebur, ya juya mini ƙeya. Na tsaya kamar wawa ina yi wa bayansa magana, na fita.

Dokar ba ta hana makiyayi sa kyamara don lura da dabbobinsa ba. Ina so in bar guda uku da sunansa, irin masu aiko hoto a waya nan take. Ɗaya a hanyar mashaya, ɗaya a hanyar kwari, ɗaya a hanyar titi. Ko ina Texas, ta fita zan gani in kira maƙwabta. Ke kaɗai yake ji. Ki roƙe shi. Amma kada ki ambaci Mama. Ya yi mata rantsuwa ba zai taɓa bari a kai ta gidan tsofaffi ba, in ya ji akwai hoto zai ce hujja muke tarawa mu raba su, daga nan ke ma ya rufe miki ƙofa.

Yayanki,
Deloy

*

Unga
Watan Nuwamba

Kawu,

Ina gaisuwa, ina gaida Inna. Ka yi haƙuri da gajeriyar wasiƙa, abokiyar aikina ta tafi haihuwa, ni kaɗai ce a asibitin, ga jirgi yana jira.

Alfarma nake nema. Yaya Deloy ya rubuto mini. Yana so ya bar kyamara uku kusa da gida da sunanka, kuma doka ta yarda wa mai shanu. Ka bar masa su, Kawu. Ba don komai ba sai don hankalinsa ya kwanta a can inda zai je, nawa ma ya kwanta. Ban taɓa roƙonka abu irin wannan ba. Ka yi mini wannan ɗaya.

Har yanzu ina jiran in ji ka kai Inna wurin likita.

Nedra

*

Fredonia
Watan Janairu

Nedra,

Muna lafiya. Sanyi ya sauka sosai.

Na daɗe ban amsa miki ba don na ji tsoron abin da hannuna zai rubuta. Ashe har tsibiri ya bi ki. Hankalinsa ya kwanta a kan me? Ki bari in gaya miki abin da bai gaya miki ba. Duk masu sana'arsa abin da suke shiryawa ke nan, su sami wani tsohon makiyayi su liƙa sunansa a jikin kyamara, su ce ta shanu ce, su ci gaba da sayar da hoton barewa. Ni da na tsaya a gaban jama'a na faɗi abin da na faɗa, ni za a wayi gari a ga sunana a jikin bishiya? Don garin nan ya samu abin dariya har in mutu?

Shi ban yi mamakinsa ba. Ke ce dai. Kin ce mini a zuciyarki ina da gaskiya. Ashe zuciyar taki tana da ƙofar baya.

Kafin ya tafi ya je ya ɗaura su ba tare da ya tambaye ni ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na kwance da hannuna, na zuba a buhu, na ajiye masa a bayan motarsa ranar da suke loda kaya. Ya dubi buhun ya dube ni, ya faɗi wani abu. Na ce ban ji ba, ban kuma nemi ya maimaita ba. Innarki ta rungume shi tana kiransa da sunan ƙanenta.

Mashaya ta yi tsit yanzu. Jiya da hantsi na ga barewa sun zo sun sha ba wanda ya kore su. Wannan ya ishe ni.

Orrin

*

Unga
Farkon Fabrairu

Kawu,

Ina gaishe ka, ko da kana fushi da ni. Yau wasiƙarka ta iso, na karanta ta a tsaye.

Ba don barewa ba ne. Don Inna ne. Tana fita in ba ka nan. A watan Oktoba ta je har Mashayar Dutse da ƙafa, Yaya Deloy ya gan ta a hoto, wani baƙo ne ya dawo da ita. Abin da ya zo faɗa maka ke nan ranar da ka cire na'urar kunnenka. Ya hana ni ambatarta don kada ka ce za mu raba ku, ni kuma na biye masa. Ba wanda zai raba ku.

Na bugo waya gida. Inna ta ɗauka, ta zaci mahaifiyata ce, ta yi ta ba ni labarin wata rawa da suka je suna 'yan mata, ta ƙi miƙa maka. Na kira maƙwabciyarku, aka ce tana wurin 'yarta har bazara.

Ka sa sakata a saman ƙofa inda hannunta ba zai kai ba. Kada ka bar ta ita kaɗai ko na ɗan lokaci. In ba ka son na Yaya Deloy, ka sayi naka ka ɗaura. An ce guguwa na tafe, ban san ranar da wannan wasiƙar za ta tashi daga nan ba.

'Yarka, duk da haka,
Nedra

*

Fredonia
Ƙarshen Maris

Nedra 'yata,

Ina gaishe ki. Ban san abin da zan ce game da lafiya ba. Ina tashi, ina kwanciya.

Na san Deloy ya bugo miki, na kuma san kin yi kwanaki a bakin filin jirgi da jakarki guguwa ta hana ki tashi. Kada ki sa wa ranki damuwa, an binne Innarki lafiya, kusa da babanta. Amma kin cancanci ki ji yadda abin ya faru daga wurina.

Wata karsana ce ta kasa haihuwa. Na bar Innarki tana ninke tawul a kicin, aikin da take so, ta ninke ta warware ta sake ninkewa. Na ce mata yanzu zan dawo. Ɗan maraƙin ya zo a juye, na daɗe. Da na dawo ƙofa a buɗe, rigar sanyinta na rataye a inda take.

Iska ta riga ta share ƙasa, babu sawu. Na fara zuwa mashaya, ban gan ta ba. Kafin la'asar mutanen gari sun taru, da dawakai da karnuka, har da waɗanda suka daina gaishe ni tun Phoenix. Shugaban masu nemanta baƙo ne, daga wata gunduma aka turo shi, bai san ni ba. Ya shimfiɗa taswira a kan mota, ya ce hanya uku ce ta fita daga gidan, ya ɗago kai ya ce, "Akwai mai kyamara a wajen nan? Ko guda ɗaya, mu san inda ta nufa."

Ba wanda ya amsa masa. Ba kuma wanda ya dube ni. Da sun dube ni da ya fi mini sauƙi.

Wani ya ce kamar ya hango mutum a wajen titi, sai aka karkata can. Aka ɓata yini guda a can. Deloy ya iso washegari, bai tsaya ko'ina ba tun daga Texas. Bai yi mini magana ba, ya hau dokina ya nufi kwari. Shi ya same ta a rana ta uku, a gindin wani dutse, ta cire silifas ta jera su a gefe kamar za ta hau gado. Likita ya ce da alama ta kai washegarin ranar da ta fita da rai. Ban tambaye shi ba, shi ya faɗa.

Wasiƙarki ta Fabrairu ta zo tare da katunan ta'aziyya. Na karanta ta a kan teburin nan. Kin rubuta komai dalla-dalla, har inda zan sa sakata.

Ba na ganin laifinki. Na koma kan ta Nuwamba na karanta ta sau da yawa. Kin ce don hankalinsa ya kwanta, naki ma ya kwanta, a ƙasa kuma kika yi maganar likita. Ga shi nan a fili. Ni ne na karanta abin da nake so in gani.

A maƙabarta Deloy ya tsaya a wancan gefen ramin. Da aka gama ya ɗauki iyalinsa suka wuce.

Har yanzu ina kai ruwa mashaya. Barewa suna zuwa da rana tsaka, har da ƙanana. In aka tambaye ni yau, zan ce abin da na faɗa a Phoenix gaskiya ne. Ina zama a mota in kalle su suna sha, ba na jin komai.

Kawunki,
Orrin

*

Fredonia
Watan Yuni

Nedra,

Na gaishe ki. Wasiƙunki biyu sun zo, na gode. Ba zan iya zuwa Alaska ba, wa zai ba shanu ruwa? Ina cin abinci, kada ki damu.

Masu son a dawo da kyamara sun matsa har aka sake zama a Phoenix. Labarin Innarki ya kai musu. Suka nemo Deloy ya zo ya faɗa wa hukuma abin da dokar ubansa ta jawo. Masu goyon bayan dokar su ma suka aiko mini, wai in zo in nuna ban karaya ba. Na ce ba zan yi magana ba, amma na je, don in har ɗana zai faɗa, gara ya faɗa ina wurin.

Na zauna a gaba kamar wancan karon. Sai dai sun juya teburin, mai magana yana fuskantar hukuma, bayansa ne a wajenmu. Na'urar kunnena kuwa in an kunna lasifika ƙugi kawai take yi. Deloy ya rame. Na zauna ina kallon bayan rigarsa. Bai daɗe ba. Na ga wata mata a cikin 'yan hukumar ta sunkuyar da kai. Ba wanda ya tafa, ko su da suka gayyato shi. Ya fita ta ƙofar gefe, kafin in kai waje da gwiwar nan motarsa ta tashi.

Na tambayi mutum biyu me ya ce. Ɗaya ya dafa kafaɗata, ɗaya ya ce bai ji sosai ba. An ce ana ɗaukar zaman, kuma kina iya saurare daga can. Ki saurara ki rubuto mini, kalma da kalma. Kada ki sassauta, kada ki zagaya. Mun ga inda zagaye ya kai mu.

Orrin

*

Unga
Watan Yuli

Kawu,

Ina gaishe ka, Allah ya ƙara haƙuri. Ni lafiyata ƙalau. Na saurara har sai da na tabbata ban bar ko kalma ba. Ga abin da ya ce bayan ya faɗi sunansa.

"An kawo ni nan in ce dokarku ta kashe mahaifiyata. Ba ita ta kashe ta ba. Dokarku ta bar wa mahaifina damar ya sa kyamara a ƙofar gidansa. Na san tana fita tun watan Oktoba. Ina zaune kusa da shi, amma sai da na aika wasiƙa wani tsibiri a ƙarshen duniya don a roƙar mini shi, saboda ni da shi mun kai inda ba ma iya haɗa magana biyu. Ya kwance su, ni kuma na ɗauki buhuna na tafi, na bar ta. Duk wannan a zauren nan ya fara, a kan barewa. Ku dawo da kyamara ko ku bar ta, ba ruwana. Ba ni da sauran abin da zan zo gani a dajin nan."

Daga nan shugaban zaman ya tambaye shi ko mahaifinsa yana wurin, ko yana so a ba ku dama ku yi magana. Yaya Deloy ya ce, "Yana bayana. Ba zai ji ba."

Na kira shi bayan na saurara. Ya bar aikin Texas, sun koma wani wuri a arewacin ƙasar. Na roƙe shi adireshin don in ba ka. Ya ce ba yanzu ba. Na ce yaushe, ya ce bai sani ba, kuma kada in yi maka alkawarin komai da sunansa.

Na nemi hutu a watan Satumba, an ba ni. Zan zo in taya ka kai ruwa. Ni kaɗai zan zo, Kawu, kada ka gyara ɗaki biyu.

'Yarka,
Nedra